Lissafin da ke ƙarƙashin aure: wa ke samu, wa ake bari a layi

A duk inda aka haifi 'yan mata 100, ana haihuwar yara maza kusan 105. Masu ƙidayar jama'a sun daɗe suna ganin wannan adadi a ƙasashe daban-daban, matuƙar mutane ba su sa hannu a lamarin ba. Maza sun fi mutuwa a kusan kowane mataki na rayuwa, daga goyo har tsufa, don haka rarar tana zaizayewa a hankali. Duk da haka, idan aka haɗa duniya gaba ɗaya, maza sun ɗan ɗara mata, kimanin 101 ga kowace mace 100, kuma mata ba sa yin rinjaye sosai sai an haura shekara hamsin zuwa sittin. To me ya sa a wasu ƙasashe ake kukan mazan aure sun yi ƙaranci, a wasu kuma miliyoyin maza ke tsufa a tuzuranci? Kukan biyun duka gaskiya ne, kuma jimillar ƙidaya ba ta iya bayyana ko ɗaya daga cikinsu.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan fage kasuwar aure. Kalmar tana yi wa mutane da yawa ɗaci, kuma suna da hujja, domin ba wanda ke son a kwatanta 'yarsa da haja. Abin da ake nufi da ita ya fi haka sauƙi: masu nema suna da yawa, waɗanda ake nema suna da iyaka, duk wanda wani ya ɗauka ya fita daga hannun saura, saboda haka rabon kowa yana rataye da zaɓin da wasu suka yi. Gary Becker na Jami'ar Chicago, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1992, shi ya shigar da wannan tunani cikin ilimin tattalin arziki a 1973. Tun daga lokacin an tara bincike mai yawa, kuma mafi amfaninsa shi ne wanda ke nuna ta inda gibin ke ɓullowa idan ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Tazarar shekaru ita ce mabuɗi

Namiji ba ya yawan auren sa'arsa. Kusan ko'ina a duniya miji ya girmi mata, a wasu ƙasashe da shekara 2 ko 3, a wasu da 7 zuwa 10. Wannan yana nufin mazan da aka haifa a wata shekara suna neman aure a cikin matan da aka haifa wasu shekaru bayansu. Idan yawan haihuwa yana ƙaruwa kowace shekara, rukunin ƙannen ya fi na yayyen yawa.

Ga lissafin. A ce yawan jariran da ake haifa yana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, tazarar miji da mata kuma shekara 8 ce. Rukunin da aka haifa bayan shekara 8 zai fi na farko da kusan kashi 27 cikin 100. A cire rarar maza ta wajen haihuwa, wato a raba 127 da 1.05, sai a sami mata kusan 121 ga kowane maza 100 da suka isa aure. Idan tazarar ta kai shekara 10, adadin ya zama 128. Idan ƙaruwar kashi 2 ce, tazarar kuma shekara 5, mata 105 ne kawai. A duk misalan nan ba a sami shekara ko ɗaya da aka haifi mata fiye da maza ba. Rarar ta fito ne daga haɗuwar abu biyu, ƙaruwar jama'a da al'adar auren ƙanƙanuwa.

Wannan lissafi shi ne ke ɗauke da auren mace fiye da ɗaya a inda ya yawaita. A ɗauki misalin farko, mata 121 ga maza 100. Idan kowa ya yi aure, maza 21 za su iya ajiye mata bibbiyu ba tare da an hana wani namiji samun tasa ba. Matan da ke zaune da kishiya za su zama 42 cikin 121, wato kusan kashi 35 cikin 100. A ƙara da cewa zawarawa da matan da mazansu suka rasu suna sake komawa layi, sau da yawa a matsayin ta biyu ko ta uku, sai adadin ya ƙara hawa. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 2 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a gidajen da ke da mace fiye da ɗaya, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 11, a Burkina Faso kashi 36. Yankunan nan su ne kuma masu saurin ƙaruwar jama'a da faɗin tazara. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wanda ke biyan kuɗin wannan tsari, shi ne saurayi. Tazarar shekara 8 ko 10 tana nufin zai daɗe yana jira kafin layi ya zo kansa, yayin da sa'o'insa mata suka tafi gidajen waɗanda suka girme shi, suka kuma fi shi abin hannu. Tsarin yana tsayuwa da ƙafarsa ne muddin jama'a na ƙaruwa. Ranar da haihuwa ta fara raguwa, lissafin yana juyewa. A ce yawan jarirai yana raguwa da kashi 2 cikin 100 kowace shekara, tazarar kuma shekara 3 ce kacal. Mata 90 ne za su rage ga maza 100, ba tare da yaƙi ko annoba ko zubar da cikin 'ya'ya mata ba.

Inda aka sa hannu a haihuwa

Ƙasar Sin ta haɗa matsaloli biyu a lokaci guda, raguwar haihuwa da zubar da cikin 'ya'ya mata. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga wajajen 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta haɗu da tsohon fifikon ɗa namiji da kuma yaɗuwar na'urar hoton ciki. Ƙidayar 2010 ta nuna ana haihuwar maza kusan 118 ga mata 100. Zuwa ƙidayar 2020 adadin ya sauko zuwa 111.3, amma a jimillar ƙasar maza sun fi mata da kusan miliyan 35. A Indiya, ƙidayar 2011 ta sami 'yan mata kimanin 919 ga yara maza 1,000 a cikin 'yan ƙasa da shekara 7, a jihar Haryana kuwa 834, duk da dokar 1994 da ta haramta bayyana jinsin abin da ke ciki don a zubar. Tun a 1990 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya yi rubutun da ya ja hankalin duniya cewa akwai mata sama da miliyan 100 da ya kamata a ce suna raye amma babu su.

Kuskuren da aka fi yi wajen karanta irin waɗannan alƙaluma shi ne a ɗauka cewa rarar kashi 15 tana nufin gogayya ta ƙaru da kashi 15 kawai. Wanda bai samu ba bana ba ya barin layi, yana nan baɗi. A ce kowace shekara maza 115 da mata 100 ke shigowa, kuma kowace mace ta yi aure. Shekarar farko 15 suka rage. Bayan shekara goma, ragowar sun kai 150, ga sababbi 115 sun shigo, wato maza 265 ke neman mata 100. A zahiri wasu suna haƙura su janye, don haka adadin ba ya kai haka, amma cunkoson da ake ji a jiki ya ninka abin da adadin haihuwa ke nunawa.

Rashin kuma ba ya rabuwa daidai. A inda mata ke son auren wanda ya ɗan fi su, kowace mace tana hawa tsani ɗaya. 'Yar ƙauyen tsauni ta auri na kwari, 'yar kwari ta auri na gefen birni, 'yar gefen birni ta auri ɗan birni. Ɗan birni mai aiki da gida bai ma san ana ƙarancin mata ba. Duk gibin yana gangarawa ya taru a kan talakan ƙauye marar ilimi. Sinawa suna kiran irin waɗannan maza busassun rassa, wato reshen da ba zai yi 'ya'ya ba. Abin mamakin shi ne a ƙasar guda, a manyan birane, akwai mata masu digiri da albashi mai kyau da ake yi musu gorin sun yi kwantai, domin a saman tsanin babu sauran matakin da za su hau. Tuzurun ƙauye da ma'aikaciyar birni duk suna cikin ƙidayar marasa aure, amma ba kasuwa ɗaya suke ci ba, kuma da wuya su haɗu.

Ta ina gibin ke fita

Kasuwar aure ba ta da farashi guda da ke hawa da sauka kamar na hatsi. Tana daidaita kanta ta ƙofofi da yawa lokaci ɗaya: shekarun aure, tazara, nisan garin da ake zuwa nema, dukiyar da ake bayarwa, matsayin wanda aka yarda a aura, da kuma wanda ke da ta-cewa a cikin gida bayan an ɗaura.

Faransa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya misali ne mai tsabta, domin ta rasa sojoji kusan miliyan 1.4, kuma mutuwar ba ta faɗa wa yankuna daidai ba. Ran Abramitzky da abokan aikinsa sun kwatanta takardun ɗaurin aure na yankunan a wani bincike na 2011. Inda aka fi rasa maza, mazan da suka rage sun fi auren matan da suka fi su matsayi, tazarar shekaru ta ragu domin mata sun karɓi sa'o'insu da ma ƙannensu, haihuwa ba aure ta ƙaru, saki kuma ya ragu. Raguwar sakin ba lallai alamar zaman lafiya ba ce. Mace da ta san ba za ta sami wani ba takan haɗiye abin da da can ba za ta haɗiye ba. Tarayyar Sobiyet ta ga abin da ya fi haka muni. A ƙidayar 1959, shekara 14 bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, mata sun fi maza da kusan miliyan 20. Dokar iyali ta 1944 ta ma hana macen da ta haihu ba aure kai ƙarar uban ɗan don neman ciyarwa, gwamnati ta ɗauki wani ɓangare na nauyin, wanda hakan ya ƙara sauke wa mazan da suka rage alhaki.

Idan maza ne suka yi yawa, ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta dukiya. A Sin, dukiyar da dangin ango ke bai wa dangin amarya ta yi tashin gwauron zabo a karkara, mallakar gida kuma ta zama kamar sharaɗin shiga layi. Shang-Jin Wei da Xiaobo Zhang sun nuna a 2011 cewa iyayen da ke da ɗa namiji sun fi tara kuɗi a yankunan da mata suka fi ƙaranci, kuma sun ƙiyasta cewa wannan tsere zai iya bayyana kusan rabin ƙaruwar ajiyar iyalai tsakanin 1990 da 2007. Matsalar irin wannan tsere ita ce ba ya ƙara mace ko ɗaya. Idan kowane uba ya ninka abin da ya tara, jerin yana nan yadda yake, na ƙarshe yana nan na ƙarshe, kuɗin shiga ne kawai ya hau, tare da farashin gidaje.

Ƙofa ta gaba ita ce nisa. Manoman Koriya ta Kudu da Taiwan sun auro mata daga Biyetnam da Filifin, mazan Haryana suna auro mata daga jihohin gabashin Indiya irin su Bengal ta Yamma da Assam. Wannan yana tura ƙarancin ne zuwa ga wanda ya fi talauci a wata ƙasa. Amaryar da aka kawo daga nesa kuma ba ta jin harshe, ba ta da dangi a kusa, don haka ƙarancin da ya kamata ya ɗaga darajarta sai ya bar ta ba mai tsaya mata. A nan ne dillalai da masu fataucin mutane ke samun shiga. Saboda haka maganar da ake yawan yi cewa ƙarancin mata yana amfanar mata gaskiya ce da sharaɗi: sai idan macen ce ke da ikon cewa e ko a'a. Idan wasu ke yanke mata hukunci, ribar tana shiga aljihunsu ne.

Wa ke biyan wa

Indiya ta kawo wata tambaya da ta daɗe tana wahalar da masana. A ƙasar da mata suka yi ƙaranci, me ya sa iyayen amarya ne ke biyan ango? An haramta wannan al'ada tun 1961, amma ba ta mutu ba, kuma hukumomin ƙasar suna rubuta mutuwar mata sama da 6,000 a shekara da ke da alaƙa da rigimar wannan dukiya. Vijayendra Rao ya danganta hauhawarta a tsakiyar ƙarni na 20 da irin lissafin da aka yi a sama, wato ƙaruwar jama'a da tazara sun haifar da rarar 'yan mata masu jiran aure. Siwan Anderson ta kawo wani bayani: a inda matsayin iyali ke bin gado, ci gaban tattalin arziki yana raba maza gida-gida, wasu su sami aikin gwamnati ko digiri, wasu su tsaya a gona, sai iyayen 'yan mata su yi ta gogayya a kan 'yan ƙalilan na sama. Bayani na biyun ya fi dacewa da abin da ake gani yau, inda ƙarancin mata a ƙasa da tsadar ango a sama ke tafiya tare.

Alkiblar biyan tana da sakamakon da ba a zata ba. Lucia Corno da abokan aikinta sun duba abin da fari ke yi wa auren ƙananan 'yan mata. A Afirka kudu da Sahara, inda dangin ango ke biya, shekarar fari tana ƙara aurar da yarinya da wuri, domin auren yana kawo wa gida abin da za a ci. A Indiya, inda dangin amarya ke biya, fari yana jinkirta shi, domin ba abin bayarwa. Masifa ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna. Haka kuma Nava Ashraf da abokan aikinta sun bibiyi gagarumin aikin gina makarantun firamare sama da 60,000 da Indonesiya ta yi a shekarun 1970, da makamancinsa a Zambiya. Karatun 'yan mata ya ƙaru sosai a ƙabilun da ke karɓar dukiyar aure, domin yarinya mai ilimi ana ba da mafi yawa a kanta, a sauran ƙabilun kuwa ba a ga wani canji na a zo a gani ba. Wanda zai soke ko ya ƙayyade irin wannan dukiya ya kamata ya san abin da ke rataye da ita. Ƙayyade farashi da doka yakan gaza saboda dalili mai sauƙi: gogayyar tana nan, sai biyan ya sauya suna, ya koma kyauta, ko gida, ko mota, ko shagalin biki.

Wa ya cancanci a ƙirga

Ko a inda adadin maza da mata ya yi daidai, mutane ba sa ƙirga kowa. A 1987 masanin zamantakewa William Julius Wilson ya ba da shawarar a riƙa ƙirga maza masu aikin yi ga kowace mace 100, a daina ƙirga maza kawai. Da wannan ma'auni ya bayyana raguwar aure a unguwannin baƙaƙen fata na biranen Amurka bayan rufe masana'antu. Daga baya David Autor da abokan aikinsa sun sami irin haka a yankunan da kayan Sin suka kashe wa masana'antu kasuwa: samari sun rasa aiki, aure ya ragu. Sai dai abin ba ya komawa baya da sauƙi. Lokacin da sabuwar hanyar haƙo mai da iskar gas daga duwatsu ta cika aljihun maza marasa digiri a wasu jihohin Amurka, Melissa Kearney da Riley Wilson sun ga haihuwa ta ƙaru amma aure bai ƙaru ba. Rashin kuɗi yana rushe al'adar aure, dawowar kuɗi kuwa ba ta isa ta sake gina ta ba.

Ilimi shi ne babban abin da ya sauya a ƙarni ɗin nan. A Amurka mata sun wuce maza wajen samun digirin farko tun farkon shekarun 1980, yanzu suna karɓar kusan 58 cikin kowane 100. Wannan na nufin mata 138 ga maza 100. Idan kowace mai digiri ta dage sai mai digiri, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba za su samu ba ko da kowane namiji mai digiri ya auri mai digiri. Ƙwarya dai tana bin ƙwarya, kuma auren masu ilimi da masu ilimi yana tara albashi biyu masu kauri a gida ɗaya, abin da ke ƙara faɗaɗa gibi tsakanin iyalai. Amma inda lissafi ya ƙi, al'ada takan lanƙwasa. Albert Esteve da abokan aikinsa sun duba ƙidayar ƙasashe sama da 50, suka ga duk inda mata suka wuce maza a karatu, auren mace da wanda ta fi ilimi yana ƙaruwa. A Amurka, zuwa 2012, auren da mace ta fi miji karatu ya ɗara wanda miji ya fi. Abin lura shi ne mata sun sassauta a kan takarda fiye da yadda suka sassauta a kan samu. Mai digiri takan auri marar digiri, amma galibi wanda ke da sana'a mai kawo kuɗi.

Inda al'ada ta ƙi lanƙwasa, mutane sukan fice daga kasuwar gaba ɗaya. A Japan, a 1970 ƙasa da maza 2 cikin 100 ne ke kai shekara 50 ba su taɓa aure ba. A ƙidayar 2020 sun kai kusan 28, mata kuma kusan 18. Dalilin ba ƙarancin jinsi ba ne. Aure a can yana zuwa a ƙunshe: miji mai aikin dindindin da dogon lokacin ofis, mata mai ɗaukar aikin gida da reno da kula da surukai. Mace mai aiki tana asarar abu mai yawa idan ta karɓi ƙunshin, namiji mai aikin wucin gadi kuma ba a ganin ya isa ya miƙa shi. Tun da haihuwa ba aure ba ta wuce kusan kashi 2 cikin 100 a Japan, raguwar aure tana zama raguwar haihuwa kai tsaye. Koriya ta Kudu, mai irin wannan tsari, ta sauko zuwa matsakaicin haihuwa 0.72 ga kowace mace a 2023.

Wanda ke son auna matsin aure a wata al'umma, ga yadda ake yi. Ya fara da marasa aure kawai, ya haɗa da zawarawa da gwauraye masu niyyar sakewa. Ya jera maza da mata bisa tazarar da ake yi a zahiri, misali maza 'yan 25 zuwa 34 da mata 'yan 20 zuwa 29, ba sa'a da sa'a ba. Ya ware baƙin ma'aikata da ba sa aure a wurin. A Katar maza sun ninka mata fiye da sau biyu, amma yawancinsu 'yan ci-rani ne da iyalansu ke ƙasashensu, don haka adadin bai ce komai ba game da auren 'yan ƙasa. Ya cire waɗanda ke kurkuku ko suka yi ƙaura. Sannan ya raba lissafin bisa iyakokin da mutane ba sa tsallakawa, addini, harshe, matakin karatu, birni da ƙauye. Sau da yawa ƙasar da jimillarta ta yi daidai takan fito da rarar maza a ƙauye da rarar mata a birni, domin 'yan mata masu karatu sun fi barin ƙauye.

Yadda ake haɗuwa

A 1962 David Gale da Lloyd Shapley suka tabbatar da wani abu ta hanyar lissafi game da wani tsari na haɗa maza da mata, wanda ke tafiya kamar haka. Kowane namiji ya nemi wadda ya fi so. Kowace mace ta riƙe mafi kyau cikin waɗanda suka zo, ba tare da ta yanke ba, ta sallami saura. Waɗanda aka sallama su tafi ga ta gaba a jerinsu, mace kuma tana iya sauya wanda ta riƙe idan wanda ya fi shi ya zo. A ci gaba har neman ya ƙare. A ƙarshe ba za a sami namiji da mace da suka fi son junansu a kan waɗanda suka samu ba. Sakamako na biyu ya fi jan hankali: ɓangaren da ke fita nema shi ke samun mafi kyawun rabon da zai yiwu, ɓangaren da ke zaune yana jira kuma ya sami mafi ƙanƙanta. Shapley da Alvin Roth sun karɓi Nobel a 2012 a kan wannan fanni, wanda ake amfani da shi wajen raba sababbin likitoci ga asibitoci da ɗalibai ga makarantu. Daga baya Itai Ashlagi da abokan aikinsa sun nuna cewa a irin wannan tsari, rarar mutum ɗaya tak a ɓangare ɗaya ta isa ta karkatar da fifiko ga ɓangaren da ya yi ƙaranci, ko wa ke nema.

Rayuwa ba ta bin wannan tsabta, domin ba wanda ke ganin kowa, kuma nema yana cin lokaci. Intanet ta rage wannan wahala. Binciken Michael Rosenfeld na Jami'ar Stanford ya nuna cewa a 2017 kusan kashi 39 cikin 100 na sababbin masoya maza da mata a Amurka ta intanet suka haɗu. Sai dai ta zo da ruwan ido. Elizabeth Bruch da Mark Newman sun gano cewa maza da mata duka suna aika saƙo ga waɗanda suka fi su farin jini da kusan kashi 25 cikin 100, don haka saƙonni suna taruwa a kan 'yan kaɗan. Sharuɗɗa kuma ninkuwa suke yi, ba taruwa ba. Cikin mutum 1,000, sharaɗin shekaru ya bar rabi, 500. Digiri ya bar kashi ɗaya cikin uku, 167. Samu mai kauri ya bar ɗaya cikin biyar, 33. Addini ko harshe ya bar rabi, 16. Idan ɗaya cikin huɗu ne zai so mai neman shi ma, saura 4. Wasu sharuɗɗan suna tafiya tare, kamar digiri da samu, don haka ainihin adadin yakan ɗan fi haka. Abin takaicin shi ne na'ura tana tace abin da ake iya rubutawa da lamba, tsayi da shekaru da albashi, alhali haƙuri da riƙon amana, waɗanda zaman ya fi dogara a kansu, ba su da gurbi a fom.

Duk gyaran da za a yi yana cin karo da jinkiri. Koriya ta Kudu ta kai maza 116.5 ga mata 100 wajen haihuwa a 1990, ta dawo daidai a ƙarshen shekarun 2000, amma yaran 1990 sai a shekarun 2020 suka shiga neman aure da gibinsu. A Sin, auren da aka yi wa rajista ya sauko daga kusan miliyan 13.5 a 2013 zuwa kusan miliyan 6.1 a 2024. Haihuwa kuma ta faɗi daga kusan miliyan 18 a 2016 zuwa kusan miliyan 9 a 2023. Yaran da aka haifa a 2016 za su fara neman aure a shekarun 2040, kuma idan sun bi al'adar auren wadda suka girma da 'yan shekaru, za su nema ne a cikin rukunan da kowane ɗaya ya fi na gabansa ƙanƙanta.